Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Waiwaye Kan Nazarinmu Na Labarin Bayajida

A daminar bana ɗayanmu yana kwashe tsofaffin takardu daga adaka saboda gara ta fara yi musu ɓarna, sai ya ci karo da wata jinga da muka rubuta har sau uku muna ɗalibai. Mu huɗu ne a rukunin, dukanmu 'yan Daura, ajinmu ɗaya a sashen Hausa na wata kwaleji. Darasin adabin baka ne, aikin kuwa shi ne mu nazarci tarihihin Bayajida. Ya ɗauki hotunan shafukan ya turo mana ta WhatsApp, daftari uku cur, kowanne da jan biron malam a gefensa. Daren nan mun sha dariya. Da muka kai ƙarshen na ukun dai dariyar ta ragu, domin mun tarar akwai abin da muka sani tun a lokacin muka ƙi rubutawa.

Abin da za mu yi a nan shi ne mu feɗe waɗannan daftarori kamar na wasu ne, tunda shekarun da suka shige sun isa su sa mu daina kāre su.

Ranar da aka raba batutuwa murna muka yi. Wasu sun sami waƙoƙin niƙa, wasu tatsuniyoyin Gizo, mu kuwa aka ba mu labarin garinmu. Rijiyar Kusugu ta gefenta muke wucewa, an kai mu cikinta tun muna firamare, mun leƙa, mun sha ruwanta. Muka ce ai ɗan gari kan ci gari. Cikin kwana biyu muka gama.

Daftarin farko shafi tara ne, bakwai daga ciki labarin ne kawai muka maimaita. Ɗan sarkin Bagadaza ya bar gida, ya sauka Barno, aka aura masa 'yar sarki, ya gudu da ita da ya ga ana shirin halaka shi, ya bar ta a Garun Gabas da juna biyu, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a saboda macijiya mai suna Sarki, ya je ya sare kanta, ya auri sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida da ɗan da aka haifa a Garun Gabas suka zama Hausa Bakwai. Ga shi mun faɗa a jumla ɗaya, amma a lokacin shafi bakwai ya ci. Sauran shafi biyun muka cike gurabe. Jigo: jarunta. Zubi da tsari: labarin ya tsaru daga farko har ƙarshe. Salo: mai armashi da jan hankali. Taurari: muka jero sunaye kamar masu kiran rajista. A ƙarƙashi malam ya rubuta, "Ni ma na san labarin. Me kuka gani a cikinsa?"

Mun ji haushi ƙwarai, har ɗayanmu ya ce mutumin da ba ɗan Daura ba ne zai koya mana Bayajida? Yau da muke sake karantawa mun ga malam ya ma yi mana sassauci. Lalaci bai cikin laifin wannan daftari, don mun zauna mun rubuta da hannu, mun kula da ƙa'idojin rubutu, ko ƙugiya ɗaya ba mu bari ba. Sabo ne ya rufe mana ido. Abin da ka ji tun kana goye ba ka jinsa kuma, yana wucewa ne ta kunnenka kamar kiran sallar masallacin unguwa ga wanda barci ya yi wa nauyi. Ba mu tsaya ko sau ɗaya mun tambayi dalilin da ya sa jarumin da ya taso daga gidan sarauta, da doki da mayaƙa, ya iso Daura ba shi da ko guga ba. Kuma matakan nan na jigo da zubi da salo, waɗanda malamanmu suka shimfiɗa domin su zama tsani, mu fom muka mayar da su. Kalmar "armashi" da muka sa a gurbin salo za ta zauna daram a kan kowane labari a duniya, wanda ke nuna ba ta faɗi komai game da wannan ba.

Daftari na biyu ɗan ɗakin karatu ne. Mun yi mako biyu muna kwafo, muka dawo da sunaye. Muka gano H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka da ya buga ruwayar labarin a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928. Muka gano W. K. R. Hallam da muƙalarsa ta 1966, da ra'ayin da ke danganta Bayajida da Abu Yazid, Baburben nan da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Sai kuma Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a 1970 ya nuna cewa ba za a jingina kafuwar daulolin ƙasar Hausa ga zuwan baƙo ɗaya ba, tunda garuruwa da sarautu a hankali suka tsiro daga ƙauyuka da kasuwanni da wuraren tsafi. Kanmu ya kumbura. Muka rubuta shafi goma sha biyu, muka naɗe da cewa labarin Bayajida ƙage ne, ba shi da tushe.

Mun ƙirga yanzu, "masana sun ce" ta fito sau goma sha ɗaya. Abin da malam ya rubuta wannan karon kalma biyu ce: "Ku fa?"

Idan za a auna, wannan daftari ya fi na farko ilimi, kuma ya fi shi muni. Na farko aƙalla yana son labarin. Na biyu raina shi ya yi, da raini irin na yaron da ya je birni wata uku ya dawo yana yatsine wa tuwon gida. Babban kuskurensa shi ne an ba mu aikin adabi muka amsa tambayar tarihi. Ko Bayajida ya taɓa taka ƙasa ko bai taɓa ba, labarin yana nan, ana faɗarsa, yana da farko da ƙarshe, wani ne ya zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari, kuma wannan zaɓin shi ne abin nazari. Wani abin takaicin ma, mun kwafi hukuncin masana ba mu lura da hanyar da ake bi a kai gare shi ba. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa Bayajida ba shi ne asalin Hausawa ba tana cikin labarin kansa: ya tarar da gari da sarauniya da fadawa, ya tarar da maƙera a Gaya, ya tarar da mutane suna magana da harshen da ake cewa bai ji ba, har ana fassara sunansa da "ba ya ji da". Karatun ƙurilla ne ke fito da wannan, irin wanda aka ce mu yi tun farko. Mun je nesa mun aro abin da ke cikin shafi bakwai ɗin da muka rubuta da hannunmu.

Malam bai ce mu ƙara karatu ba. Cewa ya yi mu ajiye littattafan, mu je mu ji labarin daga baki uku dabam-dabam, mu rubuta kowanne yadda aka faɗe shi, kada mu gyara, kada mu haɗe su. Muka tafi wurin kakar ɗayanmu, muka tafi wurin wani dattijo da ya yi rayuwarsa a bakin fada, na ukun kuma muka ɗauki ruwayar littafin makaranta da aka koyar da mu da ita. Muka raba takarda gida uku, muka jera su kafaɗa da kafaɗa.

A nan aikin ya fara. Ƙashin labarin ɗaya ne, amma kowa da inda yake zama ya daɗe. Littafin makaranta sauri yake yi ya kai jerin bakwai ɗin, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram, don shi ake tambaya a jarrabawa. Dattijon fada bai damu da daren kisan ba sosai, safiyar ce tasa: yadda aka ga macijiya a bakin rijiya aka rasa mai matsawa, yadda Galadima ya tsaya daga nesa, yadda Kaura ya ƙarasa ya taɓa ta ya tabbatar ta mutu. A bakinsa labarin bayanin sarautu ne, wane ne a gaba, wane ne a baya, kuma me ya sa. Kaka kuwa Bagadaza da Barno a numfashi ɗaya ta wuce su. Inda ta baje kolinta shi ne cikin gida: sarauniyar da al'adar sarautarta ta hana ta kusantar namiji, ta ba mijinta kuyangarta Bagwariya, kuyanga ta haihu ta sa wa ɗa Karɓagari, sarauniya ta ji sunan ta gane inda aka dosa, ita ma ta haihu ta sa wa nata Bawo, wato a ba mu garinmu. Kaka tana faɗa tana kwaikwayon muryoyinsu, tana dariya, kamar rikicin maƙwabtanta ne na jiya.

Daga wannan takarda mai gida uku muka fitar da daftari na uku, kuma har yanzu akwai sakin layi uku a cikinsa da ba mu jin kunyarsu.

Na farko kan abin da jarumin ya mallaka ne. Muka bi labarin muna tambayar kowane abu na wane ne. Mayaƙan da ya zo da su an raba shi da su a Barno. Wuƙar maƙeran Gaya ne suka ƙera. Masaukin na Ayana ne, gugan nata ne, labarin rijiyar ma daga bakinta ya ji. Da gari ya waye maƙaryata suka yi ta kawo kawunan macizai don a ba su rabin gari, Ayana ce ta tuna da baƙonta ta kai magana fada, in ba don ita ba da yana can yana barci. Abin da yake nasa na kansa bai wuce doki da ƙarfin zuciya da rashin sanin tsoron da mutanen gari suka gāda ba. Muka ce ashe labarin da muka laƙaba wa jigon jarunta, in aka bi shi a hankali, labarin baƙo ne da masu masauki, kuma duk wani mataki da baƙon ya hau, hannun ɗan ƙasa ne ya kafa shi. Maƙeri da tsohuwa, mutanen da ba a yi musu kirari a ranar hawa, su ne suka riƙe labarin daga ƙasa.

Na biyu kan cinikin da aka yi a fada ne. Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari. Bayajida ya ƙi rabi ya nemi aure. A daftarin farko mun kira wannan "soyayya", abin dariya. Wanda ya ƙi rabi ya nemi mai duka ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne. Kuma daga wannan aure ne jerin sarauniyoyin da ake farawa da Kufuru tun zamanin Tsohon Birni ya tsaya, sarauta ta koma hannun maza, aka bar wa mata sarautar Magajiya da har yau take nan a Daura. Labarin bai ce an yi juyin mulki ba. Aure ya ce an yi. Wannan lulluɓi shi ne salon da muka rasa sunansa muka ce "armashi": babban sauyi a tsarin iko an naɗe shi cikin hidimar biki, yadda mai sauraro zai haɗiye shi ba tare da ya ji ɗaci ba. Haka sunan macijiyar. An kashe Sarki, aka kira wanda ya kashe ta Makas-Sarki, daga baya aka ce sunan ya gajarce ya koma Sarki. Wanda ya kawar da mai hana ruwa shi ya gāji sunanta. Ko mai ba da labarin ya nufi haka ko bai nufa ba, akwai gargaɗi ga masu mulki a kwance cikin wannan wasan kalma.

Na uku, wanda kaka ta ba mu, kan sunayen 'ya'yan ne. A duk labarin yaƙi ɗaya aka yi da makami, shi ma da dare, ba mai kallo. Yaƙin da ya yanke makomar gari da sunaye aka yi shi, tsakanin mata biyu, a ranakun suna. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da kishiya ya san wannan fage: habaici ta sunan yaro, ta sunan akuya, ta waƙar da ake yi a bakin turmi. Mai ba da labarin ya ɗauki abin da kowace mace a tsakar gida ta sani ya ɗora masa nauyin ƙasashe goma sha huɗu. Mun rubuta a lokacin cewa a nan ne labarin ya fi zama na Hausawa, fiye da Bagadaza da dokin da takobin, kuma har yanzu ra'ayinmu ke nan.

Malam ya ba mu maki mai kyau. A gefen shafi na shida kuwa ya ja layi ya rubuta, "A nan kun tsaya. Me ya sa?"

Mun san me ya sa, ba mu dai faɗa masa ba. Shafi na shida shi ne inda Bagwariya ta kai mu bakin Banza Bakwai, wato ƙasashen da aka ce zuriyar Karɓagari ce ta kafa: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarabawa. Jerin muka kawo muka wuce, alhali tambayar tana tsaye a gabanmu. Zamfarawa da Kabawa Hausa suke yi, me ya kai su layin banza? In harshe ne ma'auni, jerin bai tsaya ba. Ashe rabon na siyasa ne, na wanda ke ciki da wanda ke waje a idon mai ba da labari, kuma an jingina shi ga ɗiyauci da bauta: ɗan sarauniya da ɗan kuyanga. Labarin da ya karɓi baƙo daga Bagadaza hannu bibbiyu shi ne ya kira maƙwabcin da ke nan kusa banza. A ajinmu akwai 'yan Gusau, akwai wata Bagwariya ta gaske da ke zama a layin gaba. Muka ga in muka buɗe wannan magana ko dai mu ɓata musu rai, ko mu zama 'yan Daura masu kushe labarin Daura. Muka zaɓi shiru, muka kira shi ladabi.

Akwai abu na biyu da muka binne, shi ma mun san da shi tun daftari na biyu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya ambaci Bawo a matsayin bawan sarkin Barno da aka ɗora kan waɗannan ƙasashe. Ɗan sarauniya a ruwayar gida, bawa a ruwayar Sakkwato. Mun karanta, muka ji zafi, muka tsallake. Da mun yi haƙuri da zafin, da a nan nazarinmu zai fi ƙarfi, domin shekarun suna magana. Wajen 1805 jihadi ya ci Daura, Malam Isiyaku ya hau, sarakunan Haɓe suka fita suka zauna a Zango da Ɓaure, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa na tsohon gidan kan gadon Daura. M. G. Smith ya bi wannan zamani daki-daki a The Affairs of Daura na 1978. Gidan sarautar da ya yi shekara ɗari a waje yana da dalilin riƙe labarin da ke cewa daga gare shi kowa ya fito. Wanda ya kawar da sarakunan Haɓe yana da dalilin tuna ruwayar da ta rage musu daraja. Baturen da ke neman asalin kowace wayewa a Gabas shi ma yana da dalilin son ɗan sarkin Bagadaza. Wannan bai sa ɗayansu ya zama maƙaryaci ba, kowa dai da inda yake tsaye lokacin da yake magana. Mun gane haka game da kaka da dattijon fada, har muka yi alfahari da ganewar, amma da aka zo kan manya muka kasa. Mu ma ashe ruwaya ta huɗu ce, ta 'yan gari masu tsoron a ce sun yi wa gida tsirara.

Ga ɗaliban da ke turo wa wannan mujalla sharhinsu, ga waɗanda ke fama da jinga yanzu, mun san yadda ake ɗaukar gyara: a duba ƙugiya, a raba "da" da kalmar da ta manne mata, a sauya gabatarwa, a miƙa. Wannan ma aiki ne, amma daga daftarinmu na farko zuwa na uku jumlar da ta tsira ba ta kai goma ba, kuma ba don Hausar ta farko ba ta da kyau ba ne. Tambayar ce ta sauya sau uku, daga "me ya faru", zuwa "da gaske ne", zuwa "wa ke faɗa, ina ya daɗe, me ya tsallake". Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, wanda yawancinmu muka koyi feɗe waƙa ta hanyar da ya tsara, shi kansa ya koma kan aikinsa bayan shekaru ya sake fito da shi a 2007 da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Kalmar ta burge mu. Ba a ɗauraye abin da ba a riga an wanke ba, kuma mai ɗauraya ya yarda akwai sauran kumfa. In malamin malamai ya koma wa nasa, ɗan aji biyu ba shi da hujjar cewa ya gama a zama ɗaya.

Tun da hotunan nan suka shigo wayoyinmu muke ta musu kan daftari na huɗu, wanda ba mai ba mu maki a kansa. Biyu daga cikinmu suna so a fara da shafi na shida, a nemi mutumin Zamfara da mutumin Kabi da Bagwari a ji yadda labarin yake a bakinsu, in ma suna ba da shi. Ɗaya ya maƙale a kan Juma'a: macijiyar da ake cewa ta zamanin maguzanci ce, ina ta san ranar Juma'a har ta keɓe ta, kuma wane mai ba da labari ne, a wane ƙarni, ya sa mata wannan rana? Na huɗunmu takalmin ne ya hana shi barci, wanda a wasu ruwayoyi aka ce Bayajida ya bari a bakin rijiya. A takardarmu mai gida uku kaka ta ambace shi, dattijon fada bai ambata ba, mu kuma a lokacin ba mu tambayi ko ɗayansu dalili ba. Kaka ta rasu shekara uku da suka wuce. Dattijon yana nan, an ce ƙafa ce kawai ta hana shi fita, mun sa ranar Asabar mu je gaishe shi.